Daga Bayan Adaidaita Zuwa Sahu: Wasan Zamiyar Ƙungiya da Matasan Ɗorayi

Da la'asar sakaliya, idan zafin rana ya fara sauka, ba a rasa ganin masu zamiya da takalmin taya a titin BUK da hanyoyin da suka haɗa Ɗorayi da Sharaɗa. Yaro ne ɗan shekara goma sha wani abu, ya ɗaure takalmi mai taya, ya rankwafa, hannunsa ɗaya riƙe da ƙarfen bayan Adaidaita Sahu, sau da yawa direban bai ma san yana jan mutum ba. Da an tunkari cunkoso sai ya saki, ya karkace, ya kutsa tsakanin mota da mai baro, ya tsallake rami, ya cafke wata. Fasinjoji na salati, shi kuwa ko a jikinsa. Babu hular kwano a kansa, babu komai a gwiwa. Takalmin ma galibi daga dilar gwanjo ya fito, tayar gaba ta cinye ta gefe guda.

Masu yi musu faɗa suna da gaskiya, ganganci ne, kuma birki ɗaya ya isa ya kai yaro asibitin ƙashi na Dala. Sai dai duk wanda ya taɓa ɗora ƙafa a kan taya ya san abin da yaron nan yake yi ba ƙaramar gwaninta ba ce. Ya iya tsayuwa, ya iya karkata jiki, ya san lissafin tazara, kuma tsoro ya fita daga ransa. Abin da ya rasa shi ne wurin da za a karɓi wannan gwanintar a tarbiyyantar da ita, da abokan da zai yi ta tare da su bisa tsari. A ƙasashen sanyi akwai wasan da aka gina shi kacokan a kan wannan tsarin, wato zamiyar ƙungiya a kan ƙanƙara.

Mutum goma sha shida, motsi ɗaya

An faro wasan ne a 1956 a garin Ann Arbor da ke jihar Michigan ta Amurka. Wani mai suna Dokta Richard Porter ya tara 'yan matan da ke zamiya, ya jera su, ya koya musu yin motsi iri ɗaya a lokaci ɗaya. Ƙungiyar tasu, Hockettes, tana fitowa ne a lokacin hutun wasan hoki na Jami'ar Michigan don kada 'yan kallo su gaji da zama. Abin da aka fara a matsayin cike gurbi sai ya bazu a Amurka da Kanada, har Kanada ta yi gasarta ta ƙasa a 1983, Amurka ta bi sahu a 1984. Hukumar wasannin zamiyar ƙanƙara ta duniya, ISU, ta karɓe shi a 1994, aka yi gasar duniya ta farko a birnin Minneapolis a 2000. Ƙungiyar Team Surprise ta Suwidin ce ta lashe ta, kuma sai da ta ɗauki kambin sau 6 kafin a rushe ta a 2018.

A matakin manya, mutum 16 ne ke shiga fili, filin kuma tsawonsa mita 60 ne, faɗinsa 30. Ana yin zagaye biyu: gajere da ba ya wuce minti 2 da daƙiƙa 50, da dogo na kimanin minti 4, duka da kiɗa. A cikin wannan ɗan lokacin za su yi layi miƙaƙƙe, su dunƙule su koma murabba'i mai sahu huɗu, su buɗe su zama da'ira, su yi ƙafar keke mai juyawa inda na tsakiya ke tafiya a hankali na bakin layi kuma yana sheƙa gudu don kada layin ya lanƙwashe. Akwai inda ake sakin hannu gaba ɗaya, kowa ya yi taku iri ɗaya ba tare da ya taɓa kowa ba, kuma dole tazarar ta zauna yadda take.

Wurin da numfashin 'yan kallo ke ɗaukewa shi ne ratsawa. Layi biyu ne, takwas a nan takwas a can, suna tunkarar juna da gudu, wani lokaci ma da baya suke tahowa. Sai an zo dab da karo kowa zai saki kafaɗar na kusa da shi, ya juya, ya bi ta ratar da ba ta fi faɗin mutum ba, ya fita ta ɗaya ɓangaren ya sake kama kafaɗa, layin ya koma kamar ba a taɓa tsinka shi ba. Kuma a ƙafar kowannensu akwai ƙarfe mai kaifi. Wanda ya makara da rabin taku ba shi kaɗai zai faɗi ba, kuma ko shi kaɗai ya faɗi, ƙungiyar duka alƙalai ke zabge wa maki.

Mutumin Ɗorayi ba ya buƙatar dogon bayani a nan, don ya ga jahi. A ranar hawa, idan mahaya suka jero suka sako dawakai a guje suka ja linzami a gaban Sarki lokaci guda, ba wanda ke tambayar dokin wa ya fi gudu. Ana duba ne ko layin ya isa a miƙe, ko an yi tirjiya tare. Dokin da ya fi sauran zafi, idan mahayinsa bai iya riƙe shi ba, shi ke ɓata jahin. Haka abin yake a kan ƙanƙara: gwanin da ba ya iya rage gudu don na kusa da shi, ba shi da amfani a ƙungiya.

Ƙasar da ta fi kowa cin moriyar wasan ita ce Finlan, wadda mutanenta ba su kai miliyan 6 ba, wato ba su kai yawan mutanen jihar Kano ba ko a ƙidayar 2006. Daga birnin Helsinki kaɗai an sami ƙungiyoyi uku da suka ɗauki kambin duniya: Marigold IceUnity, Rockettes da Team Unique. Les Suprêmes ta Kanada ta riƙe shi sau uku a jere daga 2022 zuwa 2024, sannan Rockettes ta karɓe shi a gida a 2025. Duk da haka, har zuwa gasar Olympics ta lokacin sanyi da aka yi a Italiya a 2026, wasan bai shiga jadawali ba. Ɗaya daga cikin dalilan da ake kawowa shi ne yawan mutane, domin kowace ƙasa sai an tanadar wa mutum kusan ashirin masauki saboda lambar yabo guda.

Yadda ake shiga a inda ake yin sa

Ba wanda ke fara zamiya da ƙungiya. Yaro ko babba yana soma ne da ajin koyo na gama-gari, da takalmin haya. Darasin farko shi ne faɗuwa: yadda za ka durƙusa ka zube ta gefe maimakon ka tafi ta baya ka bugu a ƙeya, yadda za ka dunƙule yatsu don kada ƙarfen wani ya bi ta kansu, da yadda za ka tashi a kan gwiwa ɗaya ba tare da ka riƙe kowa ba. Daga nan sai tafiya gaba, tsayawa, tafiya da baya, da ɗora ƙafa kan ƙafa a kwana.

Sirrin abin yana ƙasan takalmin. Ƙarfen bai fi milimita 4 kauri ba, kuma idan aka wasa shi ana ƙwaƙule tsakiyarsa ne, ya zama yana da baki biyu, na ciki da na waje. Duk wata kwana da juyi da ake gani, daga jingina a kan ɗaya daga cikin bakunan nan suke fitowa. Shi ya sa masu horar da ƙungiya ba su cika damuwa da wanda ya iya tsalle ya juya a sama ba. Suna neman wanda bakin ƙarfensa ke da tsabta, mai lanƙwasa gwiwa sosai, mai iya yin taku ta hagu kamar yadda yake yi ta dama, kuma kansa a ɗage, don a ƙungiya ba a kallon ƙafa, da gefen ido ake auna layi.

Idan mutum ya ci jarrabawar matakan farko, sai ya yi rajista da kulob. Yawancin kulob-kulob na Amurka da Turai suna yin gwajin ɗaukar sababbi ne a ƙarshen kakar wasa, wajen Maris zuwa Mayu, a shafe damina ana haɗa sabon tsari, gasa kuma ta kankama daga ƙarshen shekara zuwa Afrilu. Akwai ƙungiyoyin ƙananan yara, na matasa, na ɗaliban jami'a, har da na iyaye da kakanni da suka fara da girma. A ranar gwaji ana haɗa baƙo da tsofaffin 'yan ƙungiya, a sa shi a tsakiyar layi a ga ko zai ja na kusa da shi ko zai rataya a kafaɗarsu. Ana kuma lura da yadda yake karɓar gyara. Wanda aka ɗauka ba lallai ya shiga fili nan take ba, yana iya shafe kaka guda a matsayin ɗan jiran gurbi, yana haddace wurin mutum biyu ko uku.

Sannan akwai alƙawari, wanda shi ne ya fi takalmin tsada. Mai zamiya shi kaɗai idan ya ƙi zuwa atisaye kansa ya cuta. Ɗan ƙungiya idan ya yi fashi ya bar rami a layi, mutum goma sha biyar sun yi asarar kuɗin hayar fili. Don haka kulob ke sa iyaye su sa hannu a takarda kafin a fara. Kuɗi kuwa, sai da ruwan ciki ake jan na rijiya: hayar ƙanƙara da awa ake biya, ga ladan mai horarwa, ga kaya iri ɗaya, ga tafiye-tafiye. Saboda tsadar nan ne ƙungiyoyi ke yin wani kaso mai yawa na aikinsu a busasshen daɓe, da takalmin gudu na yau da kullum, suna taka tsarin suna ƙirga ɗaya zuwa takwas da baki har ya zauna a jiki kafin su hau ƙanƙara. Wannan ɓangaren ba ya buƙatar sanyi ko kaɗan, kuma shi ya kamata ya fi jan hankalinmu.

Garin da ake sayen ƙanƙara da layi

A Kano ƙanƙara haja ce. Duk wanda ya yi azumi a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya san yadda ake rububinta da yamma, a naɗe ta a buhu a ɗora a babur ana sauri kada ta narke a hanya. Filin zamiya kuwa daɓe ne na siminti da aka binne bututu a cikinsa, injin sanyi yana tura ruwan sinadari ta ciki dare da rana don ƙanƙarar da ba ta fi santimita 3 zuwa 5 kauri ba ta zauna a ƙasa da sifili. Idan wuta ta ɗauke na wasu awoyi, an koma tafki. A garin da rashin tsayayyiyar lantarki na cikin manyan abubuwan da suka durƙusar da masana'antu, duk wanda ya ce zai shimfiɗa murabba'in mita 1,800 na ƙanƙara ya riƙe shi da dizal, a tambaye shi nawa zai sayar da tikiti.

Ba wai zafi ne ke hanawa ba. 'Yan kasuwar Kwari da ke zuwa Dubai sun ga filin da ke cikin Dubai Mall, a tsakiyar hamada. A Nairobi akwai wani ƙarami a otal ɗin Panari tun 2005, a kansa ƙungiyar hoki ta Ice Lions ta taso har Kenya ta shiga hukumar hokin ƙanƙara ta duniya a 2024. Afirka ta Kudu tana da filaye a Cape Town da Johannesburg, kuma ta sha tura ƙungiya gasar duniya ta zamiyar ƙungiya. Duk wuraren nan abu biyu suka haɗa: wuta, da babban kanti ko otal da ke ɗauke wa filin nauyi.

Wani abin sha'awa, mutumin da sunansa ya fi shahara a harkar filayen nan mai sayar da ƙanƙara ne. Frank Zamboni da ɗan'uwansa suna da masana'antar ƙanƙarar bulo a kudancin California, suna sayar wa masu safarar kayan gwari. Da firji ya fara kashe kasuwar, sai suka juya ilimin injin sanyin suka buɗe filin zamiya a 1940. Gyaran fuskar ƙanƙarar yana cin ma'aikata fiye da awa guda, shi ne ya ƙera motar da ke kankare ta ta shimfiɗa sabon ruwa cikin mintuna, a 1949. Har yau da sunansa ake kiran irin motar. Masu injin ƙanƙara na Kano su ji da kyau, amma su bari wuta ta zauna tukuna.

Akwai kuma ƙanƙarar roba, wato faranti na wata roba mai santsi da ake harhaɗawa a ƙasa a hau da takalmin ƙarfe. Ba ta buƙatar wuta, sai dai tana da riƙo, tana dakushe ƙarfe da wuri, kuma ba a gasa a kanta. Don koyo da atisaye dai ta fi babu.

Taya ta isa a fara

Abin da da yawa ba su sani ba shi ne wasan yana da ɗan'uwa a kan taya. Hukumar World Skate, wadda aka kafa a 2017 don kula da wasannin taya, tana shirya gasar duniya ta ƙungiyoyi masu yin layi da da'ira da ratsawa a kan daɓe da takalmi mai taya huɗu. Italiya da Ajantina na cikin waɗanda suka yi fice a nan. A tseren takalmin taya kuwa, Kolombiya ce ta daɗe tana jan ragamar duniya, ƙasar da ba a san ta da wasannin sanyi ba.

Kuma hanya a buɗe take daga taya zuwa ƙanƙara. Erin Jackson ta taso ne a garin Ocala na jihar Florida mai zafi, tana tsere da takalmin taya. Watanni kaɗan bayan ta koma ƙanƙara gadan-gadan ta sami gurbi a tawagar Amurka ta Olympics ta 2018, sannan a Beijing a 2022 ta ci zinare a tseren mita 500, ta zama baƙar fata mace ta farko da ta ci zinare ita kaɗai a gasar lokacin sanyi. A wannan gasa ta 2018 ne ma Najeriya ta fara bayyana, ta hannun Seun Adigun da Ngozi Onwumere da Akuoma Omeoga masu tseren keken ƙanƙara, da Simidele Adeagbo. Su Adigun da akwatin katako da ta ƙera da kanta suka fara atisaye a birnin Houston.

Ba sai mun je nesa ba ma. Ƙwallon guragu, wadda Misbahu Lawan Didi ya ƙirƙiro a 1988, wasan ƙungiya ne a kan taya. Waɗanda shan-inna ta taɓa suna zama a kan katako mai ƙananan tayoyi, suna tura kansu da hannu, suna buga ƙwallo da hannu. Katakon da jama'a suka saba gani a bakin danja shi aka mayar kayan wasa, aka yi masa doka da alƙali da riga, har ake haɗuwar jihohi ana gasa a lokacin Ranar Yaƙi da Shan-inna ta Duniya, 24 ga Oktoba, Kano kuma na cikin masu zuwa. Waɗanda suka fi kowa ƙarancin gata su suka riga kowa nuna cewa ana iya ɗauke taya daga titi a kai ta fili.

Daɓen da ke kwance a Sharaɗa

Bompai ta kafu tun zamanin Turawa, Sharaɗa da Challawa suka biyo baya, a lokacin da Kano ke bin Legas a yawan masana'antu: masaƙu, majemu, kamfanonin roba, na alewa, na man gyaɗa. Daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 zuwa kwararowar atamfar waje da matsalar wuta, da yawa sun rufe. Wasu an mayar da su rumbunan ajiya, wasu na nan da kwaɗo a ƙofa, ciyawa ta cinye harabar. A cikin irin waɗannan gine-ginen akwai abin da mai takalmin taya ya fi buƙata a duniya, wato shimfiɗaɗɗen daɓen siminti mai faɗi, da rufi, da ƙofar da ake iya rufewa. Kuma daga Ɗorayi tafiyar mintuna ce.

A ganina nan ya kamata a fara, kuma ba sai an jira gwamnati ta gina wani abu ba. Mutum takwas sun isa kafa ƙungiya. A sami babba guda da iyaye suka yarda da shi, a sanar da mai unguwa, a rubuta sunaye, a tsayar da ranakun atisaye da ba su ci karo da makaranta da Islamiyya ba. A share daɓe sosai, domin tsakuwa ɗaya tana tsayar da taya cak. Doka ta farko: ba hular kwano da kariyar gwiwa da ta wuyan hannu, ba shiga. Ta biyu: duk wanda aka gani ya kama bayan mota ya bar ƙungiya. Makonnin farko a yi su ba takalmi, a jeru kafaɗa da kafaɗa ana taku ana ƙirgawa, sannan a hau taya a yi layi miƙaƙƙe daga bango zuwa bango. Ratsawa ita ce ta ƙarshe, sai kowa ya iya tsayawa ta kowane ɓangare, kuma da tafiyar hawainiya ake soma ta. Yaran da suka fi iya gudu a titi su za su fi shan wuya a nan, kuma wasu za su yi zuciya su tafi. A bar su, za su dawo ranar da suka ga layin ya fara juyawa. Kiɗan ma ba sai an aro ba, mai kalangu ɗaya zai riƙe wa ƙungiya ƙirga fiye da lasifika.

Rufaffen wuri yana da wata fa'idar. A duniya mata ne suka fi yawa a wasan nan, a Kano kuwa ba uban da zai bar 'yarsa ta hau titi da taya, kuma yana da hujja. Amma zaure mai ƙofa, da ranar mata, da mace mai horarwa, magana ce da za a iya zama a yi. Batun sutura ma an riga an share hanya. Zahra Lari ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta shiga gasa a Italiya a 2012 da ɗankwalinta, alƙalai suka rage mata maki saboda shi, ta bi kadin maganar har aka daina hukunta mai rufe kai.

Saura masu mabuɗi. Masu masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai da ke da zauren da ba a amfani da shi, su ba da aronsa na awa biyu a ranakun Asabar da Lahadi, bisa yarjejeniya a rubuce kan tsaro da abin da ya lalace. Hukumar wasanni ta jiha ta ware wa masu taya lokaci a ɗakin wasanni na Ƙofar Mata, ta yi wa ƙungiyoyinsu rajista. Jami'an KAROTA masu kula da hanya kuma, idan sun kama yaro a bayan Adaidaita, ya kasance akwai adireshin da za su tura shi bayan sun gama yi masa faɗa.